Kula da Daji a Ƙasar Hausa: Gatari, Wuta da Bakin Dabba

Kula da daji shi ne tsara abin da za a cire daga cikinsa da abin da za a bari, da lokacin da ya dace a yi kowanne, ta yadda dajin zai ci gaba da ba da itacen girki da katako da abincin dabbobi, namun dawa su sami wurin zama, shi kuma ya iya farfaɗowa bayan fari ko gobara. Abubuwan da mai wannan aiki yake juyawa a hannunsa su ne gatari da wuta da bakin dabba. Da su ake kashe daji, da su kuma ake rayar da shi. Abin da ya raba biyun shi ne lokaci da gwargwado, da kuma sanin wanda yake da ikon cewa a yi ko a bari.

Dajin ƙasar Hausa da kewayenta ba iri ɗaya ba ne, yawan ruwan sama ne yake rarrabe shi. Can arewa, wajen Tawa da Dakwaro, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, sabara da geza da aduwa da ƙayoyi irin su dakwara ne suka fi yawa, gajeru, a warwatse. In aka gangaro Katsina da Kano da Sakkwato, noma ya riga ya cinye yawancin dajin. Abin da ido yake gani shi ne itatuwan da manoma suka zaɓa suka bari a gonaki, wato gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya, sai ɗan ragowar marke da taramniya a gandun gwamnati da kan duwatsu. Daga Zariya zuwa Birnin Gwari da kudancin Bauchi, inda ruwa ya haura milimita 1,000, nan ne dajin doka da maje da kawo da madobiya da kaɗanya, ga gamba mai shanye mutum a tsaye. A bakin rafuka kuma akwai kurmi, siririn daji mai duhu inda madaci yake girma, inuwa ba ta yankewa ko da rani.

Akwai ɗabi'a guda da yawancin waɗannan itatuwa suka yi tarayya a kanta, kuma a kanta dukkan dabarun kula da su suke tsaye: in aka sare su ba sa mutuwa. Itacen wannan yanki ya saba da wuta da fari da cizon dabba tun fil azal, saboda haka ƙarfinsa yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar sabara ko kalgo ko marke tana iya yin shekaru masu yawa a raye bayan an sare gangar jikin, kowace shekara tana fitar da toho, ana sarewa, tana sake fitarwa. Tohon da ya fito daga tsohon kututture yana shan ruwa da saiwar da ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, don haka a damina ɗaya yakan yi tsawon da dashe ba zai kai ba sai bayan shekaru. Filin da ake wa kallon fako sau da yawa cike yake da irin waɗannan saiwoyi masu jiran a ɗaga musu ƙafa.

Hukumomin daji sun daɗe ba su ba wannan ɗabi'a muhimmanci ba. Tsarin da Turawan mulkin mallaka suka kawo ya ginu ne a kan keɓe wuri da hana shiga. A arewacin Najeriya an shata gandun daji da yawa a ƙarƙashin En'e, aka sa malaman daji suna tsaro, har filin da aka keɓe a faɗin ƙasar ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari. A yankin da Faransa ta mulka, dokar daji ta 1935 ta mayar da duk filin da ake ganin ba shi da mai shi ya zama na hukuma, ta kuma jera wasu itatuwa da aka haramta taɓawa ko da a gonar mutum suke. Nijar ta gaji wannan tsari bayan samun 'yancin kai. Niyyar ita ce kare itatuwa, amma sakamakon ya zo a karkace. Manomin da ya san cewa in gawo ya girma a gonarsa ba nasa ba ne, kuma in ya sare reshe ma'aikacin daji zai ci shi tara, dabarar da ta rage masa ita ce ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Ga kuma koyarwar malaman gona ta wancan lokaci, cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, suka tarar da gonakin Maraɗi tsirara, iska tana kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka, wani manomin sai ya yi shuka sau uku ko huɗu kafin ta kama.

A nan ne abin da ake kira sassabin zamani ya samo asali. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dashen da ba ya rayuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace bazara tohon manyan itatuwa ne da aka sare tuntuni. Aikin da ya biyo baya ba ya buƙatar kuɗi ko gandun reno. Lokacin sassabe, maimakon a share komai, manomi yakan zaɓi kututturan da yake so su rayu. A kan kowanne yakan bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa zuwa kamar rabin tsawonsu, da kaifaffen ƙarfe, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Abin da aka sassabe ya zama itacen girki, ganyen ya zama taki. Kowace shekara ana iya cire sanda ɗaya a bar wani sabon toho ya maye gurbinta, har a ƙarshe a bar guda ta zama cikakken itace.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoman Hausa, iyaye da kakanni sun san barin itace a gona. Abin da ya sauya shi ne an daina jin kunyar gona mai itatuwa, kuma hannun ma'aikatan daji ya yi sauƙi, har a Nijar dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfin guiwar cewa abin da ya rena zai amfana da shi. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agiye suka kafa kwamitocin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, don hana satar itace da dare. Da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da hotunan tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, adadinsu ya kai wajen miliyan 200. Babu wani shirin dashe a yankin Sahel da ya kusanci wannan, kuma kusan duk aikin manoma ne suka yi shi da gatarinsu. Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, amma babban yabon na mutanen Maraɗi da Damagaram ne.

A yankin Magarya da Matamai da Mirya, itacen da ya fi cika gonaki shi ne gawo, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa suke yin kore, ya kuma yi ganye da rani. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin da shuka take buƙatarsa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da taki yake bayarwa. Da rani dabbobi suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a wurin, ƙwayar da ta bi ta cikin hanjinsu kuma ta fi saurin tsirowa. Duk manomin da ya taɓa girbin gero a gindin gawo ya san bambancin zangarniyar wurin da ta sauran gona. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Sabara ma, wadda ake rainawa, bincike a Senegal ya nuna cewa da dare saiwarta tana jawo ruwa daga can ƙasa ta sake shi kusa da sama, inda saiwar gero take iya kaiwa.

Itacen girki shi ne abin da aka fi cirewa daga daji, nesa ba kusa ba, kuma birane ne suke jan sa. Hanyar da ta dace da dajin da yake toho ita ce sara bi da bi. A raba dajin kashi-kashi, kowace shekara a sari kashi ɗaya, kafin a zagayo kan na farko ya riga ya mayar da jikinsa. An gwada wannan a gandun Gesalbodi, kusa da Yamai, a shekarun 1980. Daji ne mai hekta 5,000 wanda ya riga ya lalace ƙwarai. Aka raba shi kashi goma, aka tsara saran kowane kashi sau ɗaya a shekara goma, aka hana kiwo a kashin da aka sara har shekara uku don toho ya wuce bakin akuya. Ƙananan rassan da ba su da kasuwa aka shimfiɗa su a kan fako, suka tare ƙura da iri, gara ta huda ƙasar, ruwa ya sami hanyar shiga. Masu saran kuwa mutanen ƙauyukan kewaye ne da suka haɗu cikin ƙungiya, suna kuma yankan ciyawa suna sayarwa.

Daga irin wannan gwaji ne Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara da dokar 1992. Ƙauye yana samun ikon dajin da ke kusa da shi, a ƙayyade masa yawan itacen da zai sara a shekara da kaurin sandar da aka yarda a taɓa, dillalan birni su zo su saya a wurinsa. Harajin itacen da ya fito daga dajin da aka tsara ya fi sauƙi a kan na wanda aka saro barkatai, wani kaso na harajin kuma yana zama a ƙauyen. Tsarin bai tsira daga matsala ba. A wurare da dama an wuce ƙa'idar da aka yanka, an ci kuɗin ƙungiya, motocin itacen sata sun ci gaba da shiga birni. Duk da haka ya tabbatar da abu mai muhimmanci, cewa mai saran itace yana iya zama mai tsaron daji in ya san dajin zai dawo hannunsa bayan shekara goma. A arewacin Najeriya, inda buhunan gawayi suke jere a bakin manyan hanyoyi, yawancin sara ba ya bin wani zagaye, kuma mai gawayi manyan itatuwa masu nauyi yake nema, waɗanda suka fi daɗewa kafin su dawo.

Katako lissafinsa daban ne, domin lokacinsa ya fi tsawo. Sabara tana ba da sanda cikin 'yan shekaru, amma madaci ko kawo ko ƙirya sai sun yi shekaru gommai kafin su kai a yanka. Ƙa'idar a nan ita ce tsince: a ƙirga itatuwan da ke dajin, a auna kaurinsu, a sa alama a kan waɗanda suka kai, a cire kaɗan, a bar iyaye masu kyan tsayi su ci gaba da zubar da iri. Mai saran da yake ɗaukar mafi miƙewa ya bar karkatattu yana lalata irin dajin ne a hankali, kamar makiyayin da yake sayar da kyawawan bijimai ya bar ragwaye suna barbara. Sana'o'in gargajiya sun dogara da wannan ƙa'ida ko da ba a rubuta ta ba. Masassaƙi yana son ƙirya don turmi da taɓarya, maƙeri yana son gawayinta, mai yin allo yana neman aduwa, magini yana neman azarar giginya wadda gara ba ta ci. Giginya tana da namiji da mace, kuma barazanar da take fuskanta biyu ce: a sare manya don azara, a kuma tone 'ya'yan da suka tsiro don muruci, sai a wayi gari fadama cike da tsofaffi babu matasa. A yankin Gaya, cikin Dallol Mawuri, an mayar da kula da giginya hannun ƙauyuka saboda wannan dalili.

Abin da ya sami madobiya ya nuna yadda kasuwa take iya share itace cikin ƙanƙanin lokaci. Jan katakonta ya sami karɓuwa a ƙasar Sin wajen yin kujeru da gadaje masu tsada, sai masu injin zarto suka bazu cikin dazuzzukan Afirka ta Yamma. A Najeriya jihar Taraba tana cikin inda abin ya fi muni. Aka yi ta lodin gungume zuwa tashar jiragen ruwa, ba ƙirga, ba barin iyaye. A farkon 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Kafin nan manyan sun riga sun tafi a wurare da yawa. Asarar ba ta tsaya kan katako ba, domin ganyen madobiya yana cikin abin da shanu suke dogara da shi a ƙarshen rani, furenta kuma abincin ƙudan zuma ne.

Dashe yana da wurinsa, musamman inda ake son sanduna da katako da sauri don a rage wa dajin asali nauyi. Akwai gandun itacen tik a Nimbiya da na turare a Afaka, duk a jihar Kaduna. A kwarin Majiya na jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan darbejiya don tare iska, daga baya aka riƙa sare kawunansu ana samun sanduna, suna sake tohowa. Sai dai gandun itace iri ɗaya gona ce, ba ya maye gurbin daji. Tsuntsaye da namun dawa kaɗan ne suke samun abinci a cikinsa, kuma in cuta ko ƙwaro ya shigo, gaba ɗaya yake kamawa. Share dajin doka da kaɗanya don a dasa turare hasara ce ko ta wace fuska aka duba.

Wuta ita ce abin da aka fi saɓani a kansa. A dajin da ciyawa take da tsawo, hana gobara gaba ɗaya abu ne mai wuya, domin mafarauta da masu neman zuma da makiyaya da masu sassabe duk suna kunna ta, kuma ciyawar da ta taru shekara biyu ba a ƙone ba, ranar da ta kama sai ta ci har manyan itatuwa. Saboda haka masana suka karkata ga ƙunar wuri. Ana sa wuta da kaka, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa ba ta gama bushewa ba, da yamma ko da sassafe lokacin da iska ta kwanta. Irin wannan wuta tana tafiya a hankali, tana tsallake wasu wurare, raɓar dare ta kashe ta. Wutar ƙarshen rani kuwa, ta Fabrairu da Maris, tana tarar da komai ya bushe ƙayau, itatuwa sun fara sabon ganye da fure, sai ta kashe matasa ta raunata manya. An gwada wannan a fili tun 1936 a Kokondekro, kusa da Bwake a ƙasar Kwaddibuwa, inda aka ware filaye uku: ɗaya ba a ƙonawa, ɗaya ana ƙonawa da wuri, ɗaya a makare. Bayan shekaru masu yawa na farkon ya rikiɗe ya zama kurmi, na biyun ya riƙe itatuwansa, na ukun ya koma ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa.

A arewa mai ƙarancin ruwa lissafin ya juya. Busasshiyar ciyawar da ke ƙasa ita ce abincin dabbobi na wata takwas, in ta ƙone babu wata sai damina. A can ba a maganar ƙunar wuri, ana share dogayen hanyoyi ne masu faɗi a cikin makiyaya bayan ɗaukewar ruwa, don in wuta ta tashi ta iso ta tsaya. Kurmin bakin rafi ma, ko a kudu ne, ba ya son wuta ko kaɗan.

Kiwo, in an tsara shi, yana taimakon daji. Shanu suna rage ciyawar da za ta zama makamashin gobara, suna yaɗa irin gawo da bagaruwa da aduwa. Ɓarnar tana zuwa ne ta hanya biyu: a saki awaki a kan sabon toho kafin ya yi ƙarfi, ko a yi wa madaci da kawo da madobiya aski kowace shekara har su kasa yin 'ya'ya. Maganin na farko shi ne rufe wurin da aka sara na ɗan lokaci. Na biyu kuma a sari wani sashe na rassan a bar kan itacen, a kuma huta masa shekara ɗaya ko biyu. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna da ardo da makiyaya tun wajen tsara dokar, an kuma bar musu burtali da mashaya a buɗe. Dokar da aka yanka a bayan idonsu ba ta wuce rani ɗaya.

Namun dawa buƙatarsu ta wuce yawan itatuwa. Suna son daji mai hawa-hawa: ciyawa, da sarƙaƙiya, da matasan itatuwa, da tsofaffi. Tsohon itace mai kogo, wanda mai katako yake ganin ba shi da amfani, shi ne gidan cilakowa da mujiya da tsirya da jemage da ƙudan zuma. Busasshen gungumen da ya faɗi abincin gara ne da ƙwari, su kuma abincin tsuntsaye da damo. Saboda haka a kowane kashin da za a sara ya kamata a bar wasu tsofaffi a tsaye, a bar kanya da ɗinya da ɓaure masu ba da 'ya'ya, kada kuma gatari ya kusanci bakin rafi. Amfanin yana dawowa kan mutane kai tsaye, domin jemagu ne suke yi wa furen ɗorawa da na kuka barbara, ƙudan zuma kuma suna ƙara wa kaɗanya 'ya'ya. Daddawa da man kaɗe suna da alaƙa da kogon itacen da aka bari.

Manyan dabbobi suna buƙatar fili mai faɗi da ruwan rani da hanyar wucewa. Yankari, a jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Rayuwarsa ta rataya ne a kan kogin Gaji, inda giwaye da ɓauna da gwanki da gwambaza suke taruwa in rani ya tsananta. Yana riƙe da ɗaya daga cikin ragowar garkunan giwa na Najeriya, amma gonaki sun kewaye shi, giwayen in sun fita sai su faɗa cikin amfanin mutane. Inda hanya ta toshe gaba ɗaya, dabbar takan ɓace. A shekarun 1980 da 1990 giwaye suna kai da kawowa tsakanin dajin Babban Rafi, kudu da Maraɗi, da dazuzzukan da ke tsallaken iyaka a Najeriya. Yau babu su a can.

Raƙuman dawa na yankin Kure, gabas da Yamai, sun nuna cewa naman dawa yana iya rayuwa a tsakiyar mutane. Su ne kaɗai ragowar irinsu a Afirka ta Yamma, kuma a 1996 saura 49 suka rage. Ba a killace suke ba. Da damina suna kiwo a dajin kan tudu, da rani su gangara Dallol Boso su ci ganyen gawo a gonakin manoma. Da aka hana farautarsu, aka kuma sa ƙauyuka suna samun wani abu daga masu zuwa kallo, yawansu ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji don a kafa garke na biyu. Suna cin wake da mangwaro, manoma suna kokawa, kuma saran dajin kan tudu don itacen Yamai yana rage musu wurin damina. Makomarsu tana hannun masu itace da masu gona daidai yadda take hannun masu gadi.

Ɗorewar daji ana gane ta ne daga ƙananan itatuwansa. Gonar da take da manyan ɗorawa ashirin amma babu ƙarama ko ɗaya, ta riga ta kama hanyar zama fili, sai dai ba za a gani ba sai tsofaffin sun faɗi. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, don haka giɓin da aka bari yau jikoki ne za su ji shi. Yawan iri ma kariya ce. A farin shekarun 1970 da 1980 itatuwa masu son ruwa sun mutu da yawa a arewa, aduwa da magarya da sabara suka tsaya. Dajin da ya haɗa iri daban-daban da shekaru daban-daban, duk abin da ya zo zai tarar da wanda zai jure masa. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya fara ne da tunanin dasa ɗamara mai faɗin kilomita 15 daga Senegal zuwa Jibuti. Da tafiya ta yi tafiya aka sassauta wannan tunani, aka koma ga haɗa dashe da renon toho da gyaran ƙasa, kowane wuri da abin da ya dace da shi. A Najeriya jihohi 11 na arewa ne suke cikin shirin, kuma ma'aunin da ya kamata a riƙa tambaya shi ne yawan dashen da ya kai shekara biyar a raye, domin yawan wanda aka dasa ranar biki ba ya nuna komai.

Duk waɗannan dabaru suna buƙatar mutum a cikin dajin: mai ƙirga, mai sa alama, mai share iyaka, mai kunna wutar kaka a kan lokaci. A Najeriya gandun daji yana hannun jihohi, in ban da wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Kamuku da ke hannun gwamnatin tarayya. Bayan rushewar tsarin En'e da shekarun ƙarancin kuɗi, ma'aikatan daji sun ragu, taswirori sun tsufa, an yanka gonaki a cikin gandu da dama. Dazuzzukan Rugu da Kamuku da Kuyambana sun zama maɓoyar 'yan bindiga, har wasu suna kiran a share su a huta. Share su ba zai dawo da tsaro ba, zai dai ƙara wa yankin zaizayar ƙasa da ƙafewar rafuka a kan bala'in da yake ciki. Inda zaman lafiya ya samu, aikin farko shi ne a sake bin iyakar gandu da ƙafa tare da dagatai da ardo-ardo, a ƙirga abin da ya rage, a rubuta wanda yake da haƙƙin itace da ciyawa da zuma a kowane kashi, sannan a tsara shekarar da gatari zai shiga kowanne.